Duk Wanda Ya Sauya Aikin Manhaja, Ya Rubuta Abin da Ya Sauya

Mai karanta tsofaffin takardun Hausa da aka buga da kwamfuta ya sha cin karo da "}asa" a gurbin ƙasa, ko "]aya" a gurbin ɗaya. Asalin abin gyara ne mai amfani. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiri salon haruffa na Rabi'at, wanda ya ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan wasu alamomi, ya fitar da marubuta daga ƙunci. Sai dai takarda ba ta ɗauke da bayanin wannan sauyi, don haka da zarar an buɗe ta a kwamfutar da babu salon, sai rubutu ya dagule.

Irin wannan na iya faruwa a kowane shagon buga takardu a Gwarzo ko Kabo. Yaron shago ya gyara Microsoft Word yadda za ta riƙa musanya wasu haruffa da kanta, ya bar aiki, wanda ya gaje shi ya wuni yana kokawa da na'urar da ba ta lalace ba.

Masu Emacs, manhajar rubutu da Richard Stallman ya fitar a ƙarƙashin shirin GNU a 1985, sun daɗe da sanin wannan matsala. Emacs ta ba kowa damar sauya yadda umarninta ke aiki ba tare da taɓa asalinsa ba. Tun fitowa ta 24.4 a 2014, da umarnin advice-add mutum zai iya liƙa nasa aikin kafin umarni, ko bayansa, ko ya kewaye shi, ko ya maye gurbinsa ɗungurungum. Da advice-remove kuma a cire, komai ya koma yadda yake.

Abin koyi shi ne yadda aka rubuta bayanin. Littafin jagorar Emacs Lisp ya ware sashe guda kan wannan dabara, kuma bai ɓoye haɗarinta ba: ya yi gargaɗin cewa mai neman kuskure zai iya ruɗewa idan bai san an taɓa umarnin ba, ya kuma ce a fara neman hanyar da aka tanada tun asali. Ita kanta manhajar, in aka tambaye ta bayanin wani umarni, za ta faɗa cewa an liƙa masa ƙari.

Wannan tarbiyya ce ɗalibanmu ke buƙata. Babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Tarayya da ke Kabo da Makarantar Nazarin Muhalli ta Gwarzo suna yaye matasan da za su riƙe kwamfutocin ofisoshi da makarantu gobe. Malamansu su wajabta musu rubuta abu huɗu a kan kowane gyara: me aka sauya, don me, yaushe, kuma yaya za a mayar da shi. Masu shaguna su ma su ajiye littafi kusa da kowace kwamfuta, kada su bar yaro ya taɓa saitinta sai ya rubuta a ciki.