AZOLA DA KAINUWA: KU DAINA SAKINSU KARA ZUBE A CIKIN KWAMIN KIFI



Tunda buhun abincin kifi ya yi tashin gwauron zabi, duk inda ka juya maganar azola ake yi. Wani ya ɗauki bidiyo yana kwasar ganyen da hannu yana watsa wa kaji, wani ya ce ya rage rabin kuɗin abinci. Matasa da yawa a nan Kabuga sun tare ni a kan maganar, kuma tambayarsu ɗaya ce: "Malam, in zuba ta cikin tankin kifin kawai su riƙa ci?"

Amsata ita ce a'a. Ba na gaba da azola, ni ma ina nomanta a bayan gida. Abin da nake gaba da shi shi ne a sake ta cikin kwami babu shinge, babu ranar kwasa.

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san kududdufi. Ka wuce shi farkon damina ka ga kainuwa 'yan ƙwaya a gefe, ka dawo bayan 'yan makonni ka tarar ko ruwan ba a gani, har baƙo ya ɗauka fili ne. Kainuwa dashen Allah, babu mai shuka ta, babu mai yi mata ban ruwa. To azola ta fi ta sauri. Idan ta samu inuwa daidai da ruwa mai taki, tana ninka kanta cikin kwana 3 zuwa 10. Kuma ruwan kifi ai taki ne zalla: kashin kifi da ragowar abinci.

Mu yi lissafi. A ce tana ninkawa duk kwana 5. Yau ta rufe kashi ɗaya cikin huɗu na saman ruwanka, ka duba ka ce ai da saura. Bayan kwana 5 ta kai rabi. Bayan kwana 10 ta rufe ruf. Wato tsakanin "da saura" da "innalillahi" tafiyar biki ɗaya ce.

Ni tafiyar ce ta ci ni. Na bar tankin tamfol da 'ya'yan tarwaɗa a ciki, na bar wa ƙanina aikin ba su abinci, ban ce masa komai a kan ganyen ba domin a lokacin ɗan kaɗan ne. Yaro ya yi abin da aka sa shi, safe da yamma yana watsa abinci. Ashe abincin a kan ganye yake sauka, wani ya jiƙe ya nutse ya ruɓe a ƙasa. Ranar da na dawo, wari ne ya fara yi mini sannu da zuwa tun daga zaure. Da na yaye ganyen, abin da na gani ba na son tunawa. Laifina ne, ba na yaron ba.

Mutane suna cewa ai tsiro iska yake bayarwa, ta yaya zai kashe kifi? Tsiron da ke yawo a saman ruwa, yawancin iskar da yake fitarwa sama take tafiya, ba cikin ruwa ba. Sannan ya tare hasken rana, ƙananan tsirran da ke cikin ruwa masu samar da iskar shaƙa su mutu. Ya kuma raba ruwan da iskar waje. Da dare shi kansa yana jan iska, wanda ya mutu a ƙasa yana ruɓewa yana jan nasa. Shi ya sa ɓarnar take fitowa da asuba. Tarwaɗa tana da juriya domin tana hawowa ta shaƙi iska a sama, amma ƙananan ba su da ƙarfin huda tabarma mai kauri. Karfasa kuwa ba ta da wannan baiwar ma, ita ce ke fara kifewa.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. Masu ajiye kifin ado na ruwan teku a akwatin gilashi a Turai da Amurka suna fama da wani murjani mai taushi da ake kira Xenia. Da kuɗinsu suke sayo shi saboda kyau, cikin 'yan watanni ya bi duwatsu ya danne sauran masu tsada. Dabarar da suka koya ita ce su ɗora shi a kan dutsensa shi kaɗai, yashi ya kewaye shi, duk wanda ya tsallaka a yanke shi tun yana ƙarami. Dabarar da nake so mu ara ke nan.

Azola ta samu nata wurin daban. Rami marar zurfi da aka shimfiɗa wa leda, ko tsofaffin robobi, a ƙarƙashin inuwa, domin zafin Kano na watan Afrilu yana ƙona ta. Daga can za ka kwaso iya abin da za a cinye a ranar, ka ɗauraye, ka bayar. Ruwan da ka zubar daga tankin kifi ma kana iya kai mata, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Idan kuma ka nace sai ta zauna cikin kwami, yi mata zobe da bututun roba mai yawo a kan ruwa, kada zoben ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na saman ruwan, kuma wurin watsa abinci ya kasance a buɗe. Ka sa ranar kwasa, sau biyu a mako, ko ta yi yawa ko ba ta yi ba. Wanda ka bar wa amana in za ka yi tafiya, ka nuna masa rariyar kwasa kafin ka nuna masa buhun abinci.

Sai maganar "rage rabin kuɗin abinci". A nan ma mu ji tsoron Allah. Gaskiya ne busasshiyar azola tana da sinadarin gina jiki, wajen kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Amma ɗanya sama da kashi 90 ruwa ne. Ka kwashe kilo 10, in ka shanya ba zai kai kilo 1 ba. Abincin tarwaɗa kuwa kusan kashi 40 ne ko fiye. Ga kaji, agwagwa da karfasa, ƙari ce mai kyau. Ga tarwaɗa, wadda ta fi karkata ga cin nama, kada ka yi tsammanin ganye zai kai maka ita kilo ɗaya.

Masu zuwa kududdufi su ɗebo kainuwa kyauta, don Allah ku bari. Kun san abin da ke kwarara cikin waɗannan ruwaye. Kainuwa tana tsotse dattin ƙarafa ta ajiye a jikinta, saiwarta kuma maɓoyar tsutsar wani nau'in sauro ce, ga dodon koɗi da ƙwan ƙwari da za ka kwaso ka kai wa kifinka.

Abin da ya fi damuna shi ne inda muke zubar da rarar. Na ga wanda ya kwashe bokiti guda ya juye a kwata. Ruwan sama ɗaya zai kai ta inda ba ka zata ba. Ku tambayi mutanen Haɗejia da Nguru labarin kacalla. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin gudun ruwa ya canja, ciyawar ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama gidan jan-baki masu cinye shinkafa. A kudu kuma, tun wajen 1984 wata ciyawar ruwa mai shuɗin fure ta shigo ta Badagry, har yau masu kwale-kwale a Legas suna fama da ita.

Ni rarata a kan tsohon kwano nake baza ta a rana. Kwana biyu ta bushe ƙayau. Wadda zan haɗa da dusa in ajiye a buhu, sauran in binne a gindin zogale da ɗan lambun alayyafo. Rariyar ma ba na wanke ta a bakin kwata, cikin bokiti nake wankewa in juye ruwan a kan busasshiyar ƙasa.