Dariya Mai Ɗaci da Tarihin Kabi a Ƙagaggen Labari

Tun gasar 1933, ƙagaggen labarin Hausa ya raba tarihi da raha gida biyu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ɗauki bauta da alhini. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya ɗauki barkwanci, amma a duniyar da ba ta da takamaiman zamani. Ganɗoki na Bello Kagara ya taɓo yaƙin Turawa, sai dai cika baki da almara suka rinjaye shi. Ra'ayina shi ne tarihin Kabi yana buƙatar labarin da zai haɗa biyun, kuma mu manazarta ya kamata mu shirya masa wurin zama.

A 1805 rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi. Sarautar Kabawa ta koma Argungu, Yakubu Nabame ya tayar da tawaye a 1849, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa, in ban da 'yan shekarun Lafiyar Toga. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka tarbe shi da kamun kifi. Gabar da ta ci rayukan mutane kusan ƙarni guda ta ƙare a Matan Fada, da koma da gora. Wannan kaɗai ya isa jigo.

Kowace fada tana da ruwayarta, kuma kowace ruwaya kirari ce. Abin da kirari ba ya faɗa shi ne halin manomin fadama da ya shuka shinkafa ƙarƙashin wani sarki ya girbe ƙarƙashin wani, ko masuncin da ɓangarorin biyu suke zargi da leƙen asiri don kawai yana da kwalekwale. Irin wannan rayuwa, kuka kaɗai ba ya fito da rashin ma'anarta. Dariyar da ke maƙalewa a maƙogwaro ce ke iya hakan.

Za a ce zuriyar waɗanda suka yi yaƙin suna raye, wasu a Gesse cikin Birnin Kebbi, wasu a Argungu, kuma mutuncin magabata ba abin wasa ba ne. Gaskiya ne. Amma Bahaushe ya daɗe da sanin iyakar raha: taubasantaka, kamar ta Kabawa da Katsinawa, tana ba da damar faɗin magana mai zafi ba tare da zumunci ya yanke ba. Marubuci ya kiyaye shekaru da sunaye yadda suke, ya ƙagi talakawansa, ya auna barkwancinsa ga yaƙin kansa da kwaɗayin masu cin ribarsa.

Namu aikin shi ne mu daina karanta raha a matsayin adon salo kawai. Idan irin wannan littafi ya fito, mu tambaye shi wa yake yi wa dariya, kuma a madadin wa.