Darasin Mubi: Shugaba Ya Fara Da Kunne Kafin Baki

'Yan'uwanmu mazauna Kurmi, daga Agege da Idi-Araba a Ikko zuwa Sabo ta Badun, daga Shagamu zuwa Anacha da Fatakwal, babu unguwar da Allah ya tara 'yan Arewa a cikinta face sun naɗa wa kansu shugabanni. Akwai Sarkin Hausawa, akwai Sarkin Fawa, akwai shugaban 'yan gwari da na direbobi, ga kuma maigida mai saukar baƙi da tarin yaransa. Kukan da aka fi ji daga bakin waɗannan shugabanni guda ɗaya ne, wai mutanen zamani ba su jin magana. Mu kuwa a namu ganin, kafin shugaba ya tuhumi kunnen mabiyansa, kamata ya yi ya bincika nasa tukuna. Hujjarmu tana cikin tarihin Mubi, garin da ake loda shanun da da yawa daga cikinku ke cin abinci a kansu.

Mubi tana arewacin Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Da can tana ƙarƙashin mulkin Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, Mubi ta faɗo cikin rabon Ingila, kuma daga 1946 yankin ya zama ƙasar riƙon amana ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Turawan Ingila suka haɗa mulkinsa da na Jihar Arewa, watau Mubi tana bin En'en Adamawa, umurni yana fitowa daga Yola, hakimai suna zartarwa a kan jama'a masu harsuna iri iri, Gude da Fali da Njanyi da Higi da Margi da Fulani da Hausawa.

Da Nijeriya ta doshi mulkin kai, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko da jakadu cikin 1958 don su ji ra'ayin mutanen yankin. Jakadun suka zaga, suka koma suka ba da rahoto cewa ba su ga wani saɓanin ra'ayi da zai sa a yi ƙuri'a ba, jama'a suna son zama cikin Jihar Arewa. Haka nan manyan Kaduna suka ɗauka. Duk da haka Majalisar ta ce a yi ƙuri'ar raba gardama. Ran 7 ga Nuwamba 1959 aka tambayi mazajen yankin: ku shiga Jihar Arewa idan Nijeriya ta sami mulkin kai, ko kuwa a ɗage maganar zuwa gaba? Mutum fiye da 70,000 suka ce a ɗage. Waɗanda suka ce a shiga ba su kai 43,000 ba.

To, ina aka kwana da rahoton jakadu? Amsar ba ta da wuya. Talakan da aka tambaya a gaban hakiminsa, ta bakin tafinta, dogari yana tsaye, ba shi da abin faɗa sai "ranka ya daɗe". Amma ran da aka bar shi daga shi sai akwati, ya amayar da abin da ya daɗe yana cinsa, watau takaicin mulkin da ake yi masa daga nesa ba tare da an taɓa tambayarsa ba. Mutanen Mubi da maƙwabtansu sun daɗe suna magana. Masu isar da ita ne suke tace ta a hanya, har ta iso sama ba gishiri.

Abin da Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da gwamnatinsa suka yi bayan wannan kaye shi ne abin koyi. Ba su tsaya zargin talakawa da butulci ba. An bincika koke-koken jama'a, kuma cikin 1960 aka cire yankin daga ƙarƙashin En'en Adamawa, aka kafa sababbin En'e-En'e, har da ta Mubi, aka sauke waɗansu hakimai da jama'a suka ƙi, aka kuma yi alkawarin ba yankin lardi nasa na kansa. Cikin Fabrairu 1961 aka sake ƙuri'a, wannan karon har da mata. Mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna, hedkwatarsa Mubi. Tsakanin ƙuri'ar farko da ta biyu wata 15 ne kacal. Mutanen su ne dai, ƙasar ita ce dai. Abin da ya sake shi ne an saurare su, kuma sun ga alamar saurarawar da idonsu.

Lalle wani zai ce wannan ai siyasa ce, Sardauna ƙuri'a yake nema, ni kuwa ba ƙuri'ar kowa ta ɗora ni a kan kujerata ba. Mai wannan magana ya manta cewa kowane mabiyi yana da akwatinsa. Yaron shago da ya gaji da tsawa yakan wayi gari ya koma wurin wani ubangida. Mai shanu daga Mubi da bai gamsu da bayanin dillalinsa ba, zuwa na gaba sai ya sauka a wani gida. 'Yan ƙungiya da aka daina gaya musu inda kuɗinsu ke tafiya sukan daina biya, ko su ɓalle su kafa tasu. Matar da ba a jin ta bakinta kuwa kowa ya san yaji. Duk waɗannan ƙuri'u ne, kuma ba a sanar da ranar jefa su.

Saboda haka muna ba shugabanninmu na Kurmi waɗannan shawarwari.

Na farko, shugaba ya riƙa jin magana daga bakin mai ita. Fadawa da 'yan kanzagi suna da amfaninsu, amma abincinsu yana cikin faranta ran maigida, don haka labari mai ɗaci ba ya wuce su. Sarkin Hausawa ya keɓe lokacin da ɗan dako da mai wankin takalma da mai gadi za su zauna da shi ba kowa a tsakani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, kada shugaba ya ɗauki shiru a matsayin yarda. Tarbiyyarmu ta hana ƙarami musu da babba a bainar jama'a. Idan ka tara mutane ka ce "ko akwai mai magana?" ka riga ka san ba wanda zai ɗaga kai. In kana son gaskiya, ka tambayi mutum shi kaɗai, ka fara da ƙanana kafin manya su furta nasu, kuma kada ka bayyana ra'ayinka sai kowa ya gama. Wanda ya gaya maka abin da ba ka so, ka gode masa a fili, domin sauran suna kallon abin da zai same shi.

Na uku, umurni ya zo tare da dalilinsa. Idan an ƙara kuɗin rumfa ko na lodi, a faɗi abin da ya sa, a karanta lissafin shiga da fita a gaban taro, a bar kowa ya yi tambaya. Sha'anin shanu ya isa misali. Daga karar Mubi zuwa mayankar Oko-Oba a Agege dukiya mai yawa take bin hannun mai shanu da direba da yaran mota da dillali, galibi bisa amana da maganar baki. Kalma guda da aka bari a dunƙule game da farashi ko la'ada ko saniyar da ta faɗi a hanya tana iya raba zumuncin shekara 20.

Na huɗu, gyara a ɓoye, yabo a sarari. Magana zarar bunu ce. Dattijon da ka kunyata a gaban yaransa zai ce maka "to", amma ka rasa shi ke nan.

Na biyar, kunnen shugaban baƙi ya kai har ƙofar masu masauki. Mun ga yadda Mubi, mai harsuna da yawa, ta sha wahalar magana ta bakin tafinta. Abin mamaki ne mutum ya shekara 30 a Badun yana shugabancin jama'a amma bai iya gaisuwar Yarabanci ba, kuma bai san ƙofar gidan Bale ba sai ran da rigima ta tashi. Cikin Fabrairu 2021 ƙaramar gardama a kasuwar Shasha ta Badun ta rikiɗe ta zama fitinar da ta ci rayuka da rumfuna da gidaje. Irin wannan wuta, shugabannin da suka saba zama tabarma ɗaya tun ana zaman lafiya su ne ke iya kashe ta tun tana hayaƙi.

Na ƙarshe, gida. Da yawa daga cikinku iyalinku suna Arewa. Da can sai an sami mai tafiya a ba shi wasiƙa da ɗan saƙo. Yanzu ga waya a aljihun kowa, amma sau nawa maigida yake bugawa don ya ji, ba don ya ba da umurni ba? "Kuɗi sun iso? Yara lafiya? Sai an jima." Uwargida ta ce lafiya lau, kamar yadda talakan Mubi ya gaya wa jakadu. Ka ba ta lokaci, ka tambaye ta abin da ke damunta da abin da take gani game da karatun yara da auren 'ya, kuma kada labarin gidanka ya riƙa zo maka ta bakin ƙaninka kaɗai.

Ba mu ce saurare zai jawo wa shugaba kowa da kowa ba. Ko a 1961 mutum kusan 98,000 sun tsaya a kan bakansu. Kuma saurare da ba aiki a bayansa yaudara ce, gara ma ba a tara mutane ba. Abin da ya juya zukata a yankin Mubi shi ne hakimin da aka sauke da En'en da aka kafa, abubuwan da talaka ya gani a ƙofar gidansa. Shugaban da ya ji kuka, in zai iya gyarawa ya gyara, in ba zai iya ba ya dawo ya faɗi dalili.

Sardauna ya yi sa'a an ba shi ƙuri'a ta biyu. Ba kowane shugaba ke samun wannan ba, ko a kasuwa ko a ƙungiya ko a cikin gida. Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji da haƙurin saurare, ya tsare ku a inda kuke neman halalinku, ya maishe ku gida lafiya. Amin.