Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Sarkin Hausawan Yawunde da Limaman Briqueterie



Ɗaki ɗaya tak nake roƙo, a fada ko a jikin Babban Masallaci, inda za a adana tarihin unguwarmu.

Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, ba a jima ba kakanninmu fatake suka gangaro ta Tibati da Yoko. A zamanin Faransa aka tashe su daga tsakiyar gari, aka sauke su a Ekoudou, wato Briqueterie ta yau, ƙasar Ewondo, daura da Messa. Yawancin abin da aka rubuta a kanmu Turawa ne suka rubuta, irin littafin André Franqueville na 1984 kan ginuwar Yawunde. Sun ƙirga kawuna, sun auna filaye. Amma wa ya buɗe makarantar allo ta farko? Wane maɗinki ne ya yaye masu aikin babbar riga? Yaya Bahaushe da Bafillace da Bamun suka ƙulla surukuta har suka zama dangi?

Amsar tana bakin dattawanmu, tana kuma cikin adakar iyayenmu mata: wasiƙun ajami daga Kano da Ngaoundéré, hotunan Sallah, takardun sayen fili. Damina tana cin su, gara tana ci. Da rusau ya ratsa unguwannin Yawunde a zamanin da Tsimi Evouna ke shugabancin birnin, har ya taɓa Briqueterie, wa ya tsaya kwashe takarda alhali yana neman inda 'ya'yansa za su kwana?

Mutanen District Six a Afirka ta Kudu, fiye da 60,000, sai da aka kore su aka baje gidajensu kafin suka buɗe gidan tarihinsu a 1994. Mu yawancin namu gidajen suna tsaye tukuna.

Ku sa matasa su bi gida-gida da wayoyinsu su naɗi muryar tsofaffi da Hausa da Fillanci, a fassara wa jikokin da Faransanci ya fi zama a bakinsu. Kada a tsallake mata, domin su suka riƙe salsalar kowane gida. Takarda kuwa a ɗauki hotonta a mayar wa mai ita nan take. Idan mutane suka ji za a raba su da gadonsu, ba mai buɗe adaka. A ajiye kwafi a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya saboda gobara.

Sanarwa ɗaya bayan sallar Juma'a ta isa a fara. A soma da waɗanda suka haura tamanin.

Wassalam,
Ɗan unguwa