Ƙaryar hoto ta girmi wayar salula

Duk lokacin da bidiyon ƙarya ya karaɗe WhatsApp, mu masu rubuta manhaja ake nuna wa yatsa, wai mu muka kashe gaskiyar hoto, wai a da abin da ido ya gani a majigi ba ya ƙarya. A wane zamani ke nan?

A 1911 kamfanin Pathé ya fara fitar da fim ɗin labarai na mako-mako a Amurka, ɗan gajere, ana haska shi a sinima kafin babban fim. Hearst ya shigo a 1914, Fox a 1919. Tun kafin su ma an saba da haɗa hoto: bayan girgizar ƙasar San Faransisko ta 1906, kamfanin Biograph ya gina ɗan ƙaramin gari na kwaikwayo, ya cinna masa wuta, ya ɗauka, aka sayar wa 'yan kallo. A Janairun 1914 kuwa, Mutual ya ƙulla yarjejeniya da Pancho Villa, madugun 'yan tawayen Meziko, don ɗaukar yaƙinsa, shi kuma ya sami kasonsa na kuɗin fim. Mai yaƙi ya zama abokin cinikin mai kawo labarinsa ke nan.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne na 1934. Marubuci Upton Sinclair ya tsaya takarar gwamnan Kalifoniya da alkawarin kawar da talauci, manyan Hollywood suka tsorata. Sai MGM ya shirya gajerun finafinai da kamannin labarai. Masu shiga ta mutunci, masu magana a natse, suna cewa Frank Merriam za su zaɓa. Masu yagaggun kaya da baƙon harshe su ne na Sinclair. Aka kuma nuna marasa aikin yi suna tururuwa zuwa jihar, wai sun ji za a raba arziki. Sinclair ya faɗi zaɓe. Da almakashi da gam aka yi wannan aiki, ba kwamfuta ko ɗaya, kuma mai kallo yana zaune cikin duhu, ba shi da maɓallin dakatarwa, balle ya mayar baya ya duba.

Saboda haka masu neman a hana sabuwar fasaha don hoto ya koma gaskiya suna jifan gafiyar ɓaidu ne. Abin da muke so a tilasta wa kamfanoni, har da waɗanda muke yi wa aiki, shi ne kowane bidiyo ya zo da shaidar wanda ya ɗauka, da ranar ɗauka, da wanda ya biya kuɗin yaɗa shi. Biyun farko aikin manhaja ne, mun iya. Na ukun sai da doka, domin MGM ma bai sa sunansa a kan finafinan 1934 ba.