Dawn Staley

Dawn Michelle Staley (an haife ta ranar 4 ga Mayu, 1970, a Philadelphia) 'yar Amurka ce mai horar da 'yan wasan ƙwallon kwando. Ita ce kocin ƙungiyar mata ta Jami'ar South Carolina tun 2008, kuma ta ci musu kofin gasar jami'o'i ta NCAA a 2017 da 2022 da 2024.

Daga 'yar wasa zuwa koci

Staley ta yi wasa a Jami'ar Virginia, sannan ta ci lambar zinare a gasar Olamfik sau uku, a 1996 da 2000 da 2004. Ta fara horarwa a Jami'ar Temple a 2000 alhali tana buga wasa a gasar ƙwararru ta WNBA, ta riƙe ayyukan biyu har ta ajiye wasa a 2006. Kakarta ta farko a South Carolina ba ta yi daɗi ba: ƙungiyar ta ci wasa 10, an doke ta a 18. Sai da ta shekara tara kafin kofi ya zo, lokacin da A'ja Wilson ke jan ragamar 'yan wasa.

Ita ce kuma ta horar da matan Amurka a Olamfik na Tokyo a 2021. Wasansu na farko da D'Tigress ta Najeriya ne, suka tsira da ci 81 da 72, daga baya suka ɗauki zinare.

Albashi da darajar wasan mata

A 2021 jami'ar ta ba ta kwantiragin shekara bakwai kan dala miliyan 22.4. A Janairun 2025 aka sabunta shi zuwa 2030, albashinta ya kai kimanin dala miliyan 4 a shekara, mafi girma a lokacin a ɓangaren mata. Ba kyauta aka yi mata ba. A 2024 ƙungiyarta ta buga wasa 38 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, kuma wasan ƙarshe da Iowa ta Caitlin Clark ya tara masu kallo sama da miliyan 18 a talabijin, karon farko da na mata ya fi na maza. Duk da haka manyan kocin maza suna karɓar ninkin abin da take samu.

Sabon zamani na kuɗi

Ƙarfin Staley a da shi ne ta ɗauko yarinya daga sakandare, ta raine ta shekara huɗu. Wannan tsari ne yanzu ke tangal-tangal. Tun 2021 aka yarda ɗalibai 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu, aka kuma sauƙaƙa musu sauya jami'a. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar House da NCAA, wanda ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Kaso mafi tsoka yana tafiya ga ƙwallon zari-ruga ta Amurka, sai ƙwallon kwando ta maza. Mata na samun ragowa.

Bayan UConn ta lallasa su da ci 82 da 59 a wasan ƙarshe na 2025, MiLaysia Fulwiley, haifaffiyar yankin Columbia inda jami'ar take, ta koma LSU, abokiyar hamayyarsu. Staley ta maye gurbin da Ta'Niya Latson daga Florida State, wadda ta fi kowa zura maki a ƙasar a kakar da ta gabata. Wato ita ma ta shiga kasuwar, kuma ba ta fito da asara ba, sai dai 'yar wasan da ta zo mata a shekarar ƙarshe ta karatu ba ta da lokacin koyon tsaron gida irin wanda aka san ƙungiyar da shi.

A shekarar ne kuma ƙungiyar New York Knicks ta NBA ta tattauna da ita kan kujerar koci, amma aka ɗauki Mike Brown. Staley ta ce da an ba ta aikin da ta karɓa.