Gidan Ɗanƙwairo ya fi ƙarfin sautin daƙiƙa 30 a TikTok

Duk mai leƙa TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da muryar. Wani ya ɗinka sabuwar shadda, wani ya sayi mota, wata kuma tana so ta yi wa kishiya habaici, sai ka ji an ɗora kiɗan kotso da muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo. A yi dariya, a tura wa abokai, a wuce. To amma tambayi mai ɗorawar ko ɗan wane gari ne mai waƙar, sai ka ga ya fara sosa ƙeya.

A Bakura aka haifi Ɗanƙwairo, a Maradun ya yi suna, ya rasu a 1991. Kiɗan kuwa gado ne: mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin fada ne, yayansa Kurna ya riƙe ƙungiyar, shi ya karɓa, 'ya'yansa kuma suka ci gaba bayansa. Ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Can gefe kuma ga Sa'idu Faru, shi ma ɗan ƙasar Maradun, wanda ya shahara da waƙoƙin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996.

A Turai, ƙungiyar mawaƙa in ta daɗe, biki ake yi mata. Rolling Stones ta Ingila ta zaga Turai a 2022 don cikarta shekara 60. Mu kuwa ga ƙungiyar da ta ratsa kaka, ɗa da jika, amma matasan yankin ba su da wata rana da suka ware don tunawa da ita.

Me ya riƙe ƙungiyar haka? Kowa ya san aikinsa. Akwai jagora, akwai 'yan amshi masu karɓa da ƙari, akwai makaɗa, akwai sanƙira. Yaro yakan yi shekaru yana amshi kafin a bar shi ya ja baki. Sannan akwai raha. Zambon makaɗan fada yakan sa mutum dariya har da hawaye, alhali ba a kama sunan kowa ba. A siffanta tafiyar magabcin sarki ko rowarsa, mai kaya ya gane kayansa. Kwatanta wannan da abin da muke yi a yau: ashar kai tsaye, da suna, da hoto. Kwana biyu an manta, wani lokacin ma a ƙare a kotu.

Wani zai ce, ana fama da 'yan bindiga, wa ke ta kiɗa? Gaskiya ne, kuma ba ma raina wannan magana. Amma rashin tsaron shi ne ma dalilin gaggawa. Ƙauyen da ya watse, ba gidaje kaɗai ya bari ba. Tsohon da ya san amshin waƙa da dalilin yin ta, yau yana gudun hijira a Mafara ko Gusau, ba mai tambayarsa. In ya rasu, shi ke nan. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi nasu, sun rubuta tarihin makaɗan nan. Saura mu masu waya a hannu.

Abu uku muke kira a yi. Na farko, in ka ɗora sautin, rubuta sunan makaɗin da garinsa. Ba ya cin data. Na biyu, nemi tsohon ɗan amshi ko mai tarin kaset a unguwarku, ka nemi izininsa, ka naɗa, ka adana. Na uku, ƙungiyoyin ɗalibai na Bakura, Maradun da Talata Mafara su tunkari masarautunsu a tsayar da rana guda a shekara, ko da a zauren makaranta ne, a gayyato magada su yi wasa, a kuma biya su haƙƙinsu.

Wanda ya ci moriyar ganga bai kamata ya yar da kwaurenta ba. Wace waƙar Ɗanƙwairo ce ke cikin wayarka yanzu, kuma ka san wa aka yi wa ita?